Dusar Zarto

A rumfata da ke bakin kasuwar Maiwurno
yau an sauke falle goma daga Sinnar,
sumul, kamar an shafe su da man shanu.
Na ƙwanƙwasa ɗaya da yatsa.
Bai amsa ba.

Mahaifina, Usta Mijinyawa,
da hanci yake sayen katako:
ya shinshina, ya ce bagaruwa ce,
ta sha Nilu shekara arba'in.
Gadon angarib da ya sassaƙa wa innata
har yau gara kewaya shi take, tana haƙuri.

Wannan fa? Ba shi da uwa a daji.
Dusar zarto ce, da ɓarɓashi, da gam,
inji ya danne su har suka yarda da juna.
Ba ya tsagewa a zafin bazara,
malamar makaranta ma ta sayi kabad
ba ta sayar da akuya ba.
Amma bara da kogi ya shiga ɗakin Hajja Zahra'u
teburinta ya kumbura kamar gurasa,
ƙusoshi suka fito suna kallona.

Duk da haka ba na zaginsa.
Kakana daga Haɗeja, maƙwabcina daga Gobir,
wancan Borno; hanyar Makka ta niƙa mu,
ta zubar nan, rana ta danne.
Ga mu, falle ɗaya.

Siddiƙu, miƙo zarto.
Ka ɗaga ƙafafun kabad ɗin nan
taki guda daga ƙasa.
Damina ba ta da nisa.