Tarin da Na Goge

A Quellón ruwan sama ba baƙo ba ne,
shi ne mai gida, mu ne 'yan haya.
Tasharmu ɗaki biyu ce a saman shagon ƙusa,
eriyarta ta karkace tun guguwar bara waccan,
tana leƙen teku kamar mai jiran a biya.

Shekara talatin da ɗaya Eleuterio Barría
yana hawowa nan da ƙarfe shida,
ya jiƙa maƙoshi da ruwan zafi, ya fara:
Nélida ta tsibirin Laitec, ɗanki ya sauka lafiya.
Baldovino, jirgin ruwa sai Laraba, kada ka sauko da tumaki.
Wanda ya tsinci raga shuɗiya, mai ita na cigiya.

Da gwiwa ta hana shi hawan bene
kamfani ya aiko ni da na'ura a jaka.
Awa arba'in na zaunar da shi yana karatu,
sunayen tsibirai, lambobi, farashin dankali,
har ya ce, "Yarinya, tatsa ta kike kamar saniya."
Muka yi dariya. Ya sa hannu a takarda.
Na kwashe muryar na tafi da ita,
na bar masa maƙogwaron.

Ni na tace ta. Ni na goge tarin,
da jan numfashi, da kukan kujera,
da shirun nan da yakan yi gaban wani saƙo,
don a fuskar allo shiru miƙaƙƙen layi ne,
ba ka ganin komai a cikinsa.

Yanzu saƙo ta waya yake shigowa,
na'ura ta jera, ta gyara, ta furta.
Ba ta makara, ba ta mura, ba ta zancen albashi.
Masu talla sun dawo. Har sabon murhu mun saya.

Sai wata tsohuwa ta kira daga Cailín:
"Me ya sami Don Eleuterio?
Muryar tasa ce, ban musa ba,
amma da, in zai faɗi mutuwa yakan tsaya,
ya yi tari ɗaya, mu ajiye abin hannunmu.
Jiya ya faɗi rasuwar ƙanena
da bakin da ya faɗi kuɗin kifi,
ina tsaye da wuƙa ina feraye dankali."
Na ce mata layin ba kyau. Na kife waya.

Ranar Alhamis, shida saura kwata,
wani saƙo ya faɗo cikin jeri, na goma sha ɗaya,
tsakanin batir na sayarwa da taron iyayen yara:
Eleuterio Barría ya rasu da asuba,
gobe za a kai shi coci.
Na'ura har ta shirya shi, daƙiƙa tara cif,
zai yi shelar kansa da kansa
da murya garau, ba gargada.

Na bar ta ta karanta goma,
sannan na zare wayarta daga bango.
Ban taɓa magana a makirufo ba, ni ta bayan gilashi ce.
Na zauna a kujerarsa, ta yi kukan nan da na goge.
Na buɗe baki, babu abin da ya fito.
Ruwa na dukan kwano. Jar fitila na kunne.
Ban ƙirga tsawonsa ba.

Daga baya aka ba ni labari
a Laitec, a Cailín, har Coldita,
mata sun ajiye wuƙaƙe tun ban ce uffan ba,
wani masunci ya tuɓe hula a cikin kwalekwale
bai ma san ta wa ake yi ba.

Washegari na mayar da wayar bango,
kuɗin haya ba ya zaman makoki.
Shida ta buga, ya gaishe da tsibirai,
ya ce teku zai kwanta da yamma.

Tarin yana nan, ashe ban goge shi duka ba,
yana wata ma'ajiya da na sa wa suna shara,
ɗari biyu da goma sha huɗu.
Da dare nakan kunna su ɗaya bayan ɗaya.
Har yau na kasa gane
wanne ne na mura, wanne ne na mutuwa.