Moɗa a Bakin Taga

Da na kama ɗaki a Badariya
ban shigo da kabad ba.
Katifa ɗaya, darduma, teburin karatu,
ƙusa uku a bayan ƙofa.
Bangon na bar shi fari fat,
ko kalanda ban rataya ba.
Mai gida ya leƙo ya ce, "Sauran kaya na hanya?"
Na ce masa, "Ai sun iso."

Ni da na tashi a ɗakin jere,
fanteka kan fanteka har rufi,
kwallaye masu furanni da ba a taɓa ci a ciki ba,
kowace Juma'a a sauke, a goge, a mayar,
ni ce mai tsumma tun ina shekara bakwai.
Na ƙoshi.

Sai dai farin bango, in dare ya yi,
yakan zura wa mutum ido.

Ran Asabar na tsaya wajen Arzika,
mai shuke-shuke a hanyar Kalgo.
Ya nuna mini masu laushi, masu son inuwa da lallashi.
Na ce aikin dare nake yi a asibiti,
ba ni wadda ba ta fushi.
Ya ɗauko moɗa, ganye biyar a tsaye kamar takubba,
ya ce, "Wannan, mantuwa ce abincinta."

Na sa ta a tukunyar ƙasa, ba fenti.
Nan take ɗakin ya sami inda zai kalla.
Da hantsi inuwarta kan hau bango,
ta yi tsawo, ta karkace, ta sauka kafin azahar.
In an ɗauke wuta a tsakiyar bazara,
fanka ta yi shiru, gumi ya jiƙa matashi,
ita tana nan kore shar,
ba ta ce da kowa komai ba.

Sai ga Inna Tumba daga Bunza,
da ƙullin kifi da jakar shinkafa.
Ta tsaya a ƙofa, ta ƙi cire takalmi.
"Ke Kulu, ɓarayi sun ka shigo?"
Na ce a'a.
"To bashi a ka bin ki?"
Ta hango taga. Ta yi dariya har da riƙe ciki.
"Kuɗɗi kin ka sa kin ka sai moɗa?
Abin da kakanki ka yin igiya da shi!
Bayan gonarmu ko akuya ba ta kallon ta."

Kwana huɗu ta yi.
Ta ce ɗakin na amsa maganarta kamar rijiya.
Ta ce ba inda baƙo zai san ina da uwa.
Amma na lura ba ta tuntuɓe,
ita da gwiwa ke damu,
kuma barcin rana ya ɗauke ta a darduma
har la'asar ta kusa wucewa.

Da asubar kwana na uku na farka,
na gan ta durƙushe, da moɗar randa a hannu,
tana shayar da moɗa da moɗa,
tana share ƙurar ganye da gefen mayafi
yadda take goge kwallayenta.
Na yi kamar ina barci.
Ruwan ya yi yawa, na sani. Ban hana ba.

Ranar tafiya, mai babur na jira,
ta tona gefen tukunya da yatsa,
ta ɓalli ɗan tsiron da ya fito,
ta naɗe shi a ledar da kifi ya zo.
"Ba don kyau ba," in ji ta.
"Don in gwada wa Ige abin da ku ka saye a birni."

Jiya ta kira.
Wai a wace kusurwa rana ba ta ƙona ta?
Wai ta sauke fanteka biyu don ta sami wuri.

Nawa ganyen ɗaya ya ruɓe daga tushe.
Saura huɗu.
Ƙamshin kifin bai gama fita ba.