Taswirar Nibaldo

Ran Laraba da la'asar sakaliya
muke haɗuwa a tsohon ɗakin ƙungiyar 'yan dakon jiragen ruwa na Valparaiso,
mu tara, wani lokaci bakwai.
Kujerar da ke kusa da ƙofar bayi ba ta shugaba ba ce,
ta wanda aka zare wa robar fitsari ce a makon nan.

Ranar da na fara zuwa, cewa na yi shayi ya kawo ni.
Shekara talatin da ɗaya ina saman ƙugiyar lodi,
ina sauke kwantena kamar mai ajiye ƙwai,
sai ga wani ƙulli a ƙasan mafitsara,
bai fi goro ba,
ya sauke ni.

Ba wanda ya ce mini sannu.
Ruperto ya turo buta, ya ce, "Lambarka nawa?"
Nan ba a tambayar shekaru ko fansho,
lambar jini ce sunan kowa.
Na faɗa. Ya ce, "Tawa ta ninka taka. Zuba sukari."

Shi gashi aka yi masa, sau talatin da tara,
kullum da mara cike, an hana shi motsi
har na'ura ta gama zagaye.
Ya ce ya haddace tsagar silin asibiti
fiye da fuskar jikokinsa.

Eleodoro kuwa allurar wata uku ce.
Tsakar dare, a Yuli, sanyi na cizo,
zufa ta jiƙa masa matashi.
"Na roƙi matata gafara," in ji shi.
"Shekarun baya dariya na yi mata
sanda take tashi ta buɗe taga."

Garinmu duk tudu ne da matakala,
kuma mai yoyo ba ya son hawa.
Nibaldo, tsohon mai raba wasiƙu,
ya zana mana taswira a bayan kalanda:
jan ɗigo, gidan burodin da ba a tambaya;
baƙi, wanzamin da sai ka zauna aski;
gicciye, cocin da ke rufe ƙarfe biyar.
Kowa na da kwafi a aljihu,
kusa da ƙunzugun ko-ta-kwana.

Akwai maganar da ba ta fita sai shayi ya huce.
Hipolito, autanmu, ɗan hamsin da biyu,
ya dubi takalminsa, ya ce, "Abin nan yana dawowa?"
Muka ji kukan jirgi daga tasha.
Ruperto ya ce, "Nawa ya dawo, amma baƙo ne mai kunya."
Eleodoro ya ce, "Nawa ya yi ƙaura.
Sai dai na gano matata tana da labarai
da ban taɓa tsayawa na ji ƙarshensu ba."
Ni ban ce komai ba.
Daren nan na zauna bakin gado,
na kira sunan Fresia, muryata na rawa.
Ta ce, "Wata huɗu ina jiranka."

Yanzu dajin Nibaldo ya shiga ƙashi.
Ba ya iya saukowa, don haka Laraba ce ke hawa.
Matakala ɗari da sittin da huɗu,
buta a hannun Hipolito, kofuna a jakata,
tsofaffi takwas suna haki,
muna tsayawa a kowane jan ɗigo,
ba kunya, layi-layi.

Muka same shi ya rame, ido ya faɗa,
teku shimfiɗe a tagarsa.
Bai bari mun tambayi jiki ba.
Ya miƙo hannu. "Ku ba ni takardar.
An ce gidan burodi ya sauya mai shi."
Na ce har yanzu suna bari.
"Kun shiga, ko ji kuka yi?"
"Mun shiga. Mu takwas."
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi,
ya lalubo jan biro a ƙarƙashin matashi,
ya ƙara wa ɗigon kauri.