Kunnen Hagu

Bayan la'asar na shimfiɗa tabarma a zaure,
na sauko da ita daga saman kwaba, nauyinta kamar dutsen niƙa.
Amfilifayar Baba Gidado ce, albashin wata uku,
shekarar da ya kama aiki a kamfanin tarakta,
tun kwalta ba ta san hanyar layinmu a Kobi ba.

Noti takwas. Bakwai suka ba da kai,
na takwas ya cije sai da ya sha man keke.
Na ɗaga murfi: zanzaro ya gina ɗaki biyu
jikin tiransifoma, ko haya bai biya ba.
Na bi da tsohon buroshin haƙori,
na hura, na yi atishawa,
Baba ya yi mini addu'a daga kujerarsa.

Ciwonta sananne ne a gidanmu:
dama na magana, hagu ta yi gum,
in an matsa mata sai ƙugi irin na cikin mai azumi.
Ga kafasita biyu sun kumbura kamar ƙosai a mai,
ɗaya ta yi hawaye, ya bushe, launin tsamiya.
Na fara sauke wutar da suka ɓoye,
don malaminmu a Gwallameji ya nuna mana tabon yatsansa,
ya ce abin da aka kashe ba lallai ya mutu ba.

Washegari sai Wunti.
Ifeanyi ya juya tsohuwar a tafin hannunsa:
"Wannan ta girme ki. Irinta ta ƙare."
Ya zazzage gwangwani, ya tsamo 'yan ƙanana,
ya rantse sun fi iyayensu ƙarfi.
Na taya, ya ƙi, na juya, ya kira ni.

Nefa ta ɗauke ina tsakiyar liƙi.
Dalma ta daskare a bakin ƙarfe.
Sai ƙarfe ɗayan dare fanka ta motsa,
na tashi da ɗankwali a karkace na koma.
Hayaƙi siriri, ƙamshin ƙaro.
Doguwar ƙafa ga alamar ƙari, gajeriya ga ragi,
wanda ya juya su zai ji fashewa.
Na sabunta farin mai a bayan taransista,
na wanke maɓallai da sifirit har ƙarar yashi ta bar su,
na goya mata 'yar na'urar bulutut a kusurwa
kamar jika a bayan kaka.
Mita ta auna hagu, ta auna dama:
kunnen doki.

Da hantsi na kira shi.
Ya ture wayata, ya ce kaset.
Goge ya taso daga dama,
kalangu ya amsa masa daga hagu,
har kwanukan Inna suka kama rawa a kan kanta.
Na harɗe hannu ina jiran tukuici.

Ya karkata kai. Ya daɗe.
"Uwani, aiki ya yi kyau.
Sai dai hagun nan, har yanzu shiru."

Na kai kunne.
Hagu na kwarara kamar indararo a Agusta.
Na dubi mita, na dube shi.
Shekara ashirin da biyu a tsaye gefen inji,
kafaɗar hagu ga bugun guduma.
Wannan ba a sayar da kayan gyaransa a Wunti.

Na ce, "Bari in sake dubawa."
Na ɗaure notin da yake a ɗaure,
na ɗan yi tsaki irin na masu sana'a,
sannan na ɗauko sifikar hagu da doguwar wayarta
na ajiye ta kusa da 'yar'uwarta, a damansa.

"Yanzu fa?"

Ya lumshe ido.
Yatsansa ya soma bin kalangu a kan gwiwa.
"Yawwa," in ji shi.
"Ai na faɗa miki da saura."