Kusoshi Huɗu

Shekara goma sha ɗaya tana ƙarƙashin teburina
a shagon da ke kallon tashar Aliero,
baƙar akwati mai nishi kamar saniya a turke.
Ta buga wa ɗalibai kundi, ta buga wa dillalai rasit,
ta san buhun albasa tun yana da mutuncin araha.

Ran Talata da hantsi ta ɗago mini saƙo:
sabon tsari ya fito, tsohon ya kusa zama maraya.
Na ce to, bismilla.
Na zuba kati, na ɗura wa janareta mai,
na zauna ina kallon ɗige-ɗige suna bin juna
kamar yara a bayan mai rake.
Sai da man ya kai rabi ta yi magana:
wannan na'ura ba ta cika sharaɗi ba.

Wane sharaɗi?
Ita da ta yi azumi goma sha ɗaya a zafin garin nan
ba ta taɓa suma ba sai in an ɗauke wuta.

Cindo ya zo daga Jega a kan babur,
sukundireba a bayan kunne kamar alƙalamin akawu.
Kusoshi huɗu ya warware, ciki ya buɗe.
Ga ɓawon albasa ya naɗe fanka,
ga ƙwan tsaka biyu a lungu,
ga allurar da na nema tun bara.
Ya hura, ya taɓa, ya kasa kunne.
Ya ce, Baba Nomau, zuciyarta lafiya lau,
ƙwaƙwalwa ma akwai gurbin ƙari.
Abin da babu wani ɗan maigadi ne,
bai kai farcen ɗan yatsa ba,
kuma waɗanda suka zana ta ba su bar masa ɗaki ba.

Ya nuna mini sabuwa a wayarsa,
siririya kamar faifai, fara tas,
babu kusa ko ɗaya, an liƙe ta da gam da dalma.
Na ce in ta yi ciwo fa?
Ya ce ba a jinyar irinta, binnewa ake.
Na ce kuɗinta? Ya faɗa.
Na lissafa da rumbu, na ga har da na ƙanena.

Ina so in ga mutumin da ya zana ta.
Ban da faɗa, shayi zan ba shi,
in zaunar da shi a bencin nan a watan Afrilu,
ya ji yadda kwano ke dafa kai,
ya ga wuta ta zo da ƙarfi kamar mai bin bashi,
ta koma ba sallama,
sannan in tambaye shi
ko a garinsu ba a ɗinke kwarya.

Cindo ya zaro wani ɗan abu daga aljihu,
ya ce akwai wani tsarin, na kyauta,
ba ya tambayar shekarun kowa.
Kafin la'asar ta farka da sabuwar fuska,
ta fi jiya sauri,
sai dai komai ya sauya mazauni
kamar an yi mini shara ina kasuwa.

Na gwada rubutu, nan gizo ya yi saƙa:
lanƙwasar haruffa ta ɓace.
Ƙura ta zama kura,
ƙarya ta zama karya tana haushi a tsakar takarda,
ga Hajiya Ige a ƙofa tana jiran wasiƙar kotu.

Har isha muna koya mata ƙa da ɗa da ɓa,
yana latsawa, ina karantawa,
kamar masu biya wa tsohuwa allo.

Da zai tafi ya ɗaura kusoshi uku.
Ta huɗun ta faɗa wani wuri, ba mu gan ta ba.
Ya ce bar ta haka,
ai zan dawo.