Baƙin Salatif

A kan tudun Valparaiso gidanmu yake,
matakala ɗari da tara tsakaninmu da shagon magani,
ga ruwa ana yi kamar da bakin ƙwarya.

Murfin gwangwanin kifi ne ya yi mini aika-aika.
Ban ma ji ba, sai ganin ja na yi
yana ɗiga cikin albasar da na yanka.

Kaka Eleuterio bai ce sannu ba.
Shekara talatin yana hawan turakun lantarki,
tausayinsa duk a hannu yake.
Ya ja ni bakin famfo,
ya riƙe yatsan cikin ruwan sanyi
har kukana ya gaji don kansa.
Sabulu. Ruwa kuma.
"Ɗaga shi, Ximena, ya wuce zuciyarki."

Ya yagi gefen farar rigarsa ta zuwa coci,
wadda Goggo Rosalba ta goge da safe,
ya ninke ƙyallen gida huɗu, ya danna,
yana ƙirge a hankali kamar mai jiran bas.
Sannan ya laluba aljihu
ya zaro baƙin salatif na ɗaure waya,
ya gutsire bakinsa da haƙori.

Zagaye uku.
"Danƙon kada ya taɓa ciwon," in ji shi.
Ya matsa farcena ya saki,
ya tsaya sai da launi ya dawo,
yadda yake jiran ƙwan fitila ya kawo wuta.

Da na waiwaya sai ga dangina:
ƙafar tabaransa, eriyar rediyo,
mariƙin butar shayi, lemar da iska ta karya,
tagar da girgizar ƙasa ta tsaga,
kowa da baƙar ɗamararsa, kowa yana bakin aiki.
Ashe ni ma na shiga sahu.

Da gari ya waye muka gangara asibiti.
Nas ta juya yatsan, ta taɓe baki:
"Wane ne likitan?"
Kaka ya shiga ƙirga fitilun silin.
Ta ce ɗinki biyu da allura, ba fashi,
sai can ƙasan maƙoshi ta ƙara:
"Amma dai ya tsai da jinin."

Ɓare salatif ya fi yankan zafi.
Mako guda zoben danƙo bai bar yatsana ba,
ni kuma ina ta ɓoye shi kada soso ya gani.

Goggo kuwa har yau ba ta yafe rigar ba.