Ranar da Batir Ya Mutu a Auyo

Sau uku likita na ɗaure hannun Tasalla a wata guda,
jinin ya ƙi sauka.
Ya ce, "Malam Tanimu, ciwon nan ba a jikinta yake kwana ba,
a tsakar gidanka yake shimfiɗa."
Shi ya tura mu ɗakin Malama Bara'atu,
bayan ɗakin magani, ranar Laraba,
mu huɗu, kowa da bakinsa a ɗinke.

Na zaci wa'azi za ta yi,
na zo da amsoshi cike da aljihu kamar goro.
Sai ta baza tabarma, ta jona waya a batirin sola,
ta kunna akwatin talabijin, faɗinsa bai wuce faifai ba.

Ga wani gida na birni,
kujeru sun durƙusa kamar raƙuma,
uba da takalmi har cikin ɗaki,
uwa da lalle zuwa gwiwar hannu, hayaƙi bai san idonta ba.
Uwani ta ƙunshe dariya da mayafi.
Na ce, "Malama, waɗannan ba su san ambaliya ba.
Ruwa bai taɓa cinye musu shinkafa ana saura kwana tara yanka ba."
Ta ce, "Gaskiyarka." Ta kashe sautin.

Baki kawai ke motsi, kamar tarwaɗa a ƙwarya.
Uban na tsaye, ɗan ya ba shi baya.
Ta ce, "Ni ban ji me suke faɗa ba.
Wa zai ara musu murya?"

Ƙuda ya sauka a goshin uban, ya tashi.

Nafi'u ne, wanda wata biyar bai sa hannu a akushina ba,
ya ce, idonsa na kan gilashi:
"Yaron cewa yake da guminsa ya sayi babur ɗin,
rani biyu yana kwasar tumatir a Kadawa.
Ya dawo masallaci ya tarar da sawun taya kaɗai.
Ba sayarwar ke cin sa ba.
A teburin mai shayi ya ji labari."

Malama ba ta dube ni ba. Ta nuna gilashin:
"To dattijon fa?"

Maƙogwarona ya tsage kamar fadama da bazara.
Na ce, "Dattijon, mai taki ya sallama masa sau huɗu da takarda.
Ya tsaya ƙofar yaron da asuba,
yana jin numfashinsa, ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa,
ya tuna bai taɓa ganin ubansa ya roƙi ɗa ba,
ya juya.
Kunya ce, ba raini ba.
Takalmin nan ma da ya sa a ɗaki,
don kada a ga yatsunsa na rawa ne."

Tasalla ta ce, ƙasa-ƙasa,
"Matar ta gaji da raba tuwo ɗaki biyu."
Uwani ta ce, "Ba su nuna 'yarsu ba.
Tana bayan labule, ita ke kwashe ragowar."

Nan batir ya yi ƙara ya mutu.
Birni ya tattara kujerunsa ya tafi.
Gilashi ya yi baƙi, a cikin baƙin kuma
ga mutum huɗu a tabarma,
wani tsoho hularsa ta karkace,
wani saurayi da irin haɓarsa sak.
Mun daɗe muna kallo.
Ba wanda ya ce a sake kunnawa.

Ba zan ce mun shirya ba.
A hanyar gida ya yi gaba, taku goma a tsakaninmu.
Amma a kwalbatin da ruwa ya karya ya tsaya,
bai waiwayo ba, bai miƙo hannu ba,
sai da ya ji na haye.

Da dare ni kaɗai na buɗe akushi.
Ya dai jawo tabarmarsa gindin darbejiya,
inda nake jin taunarsa.
Malama ta ce mu koma Laraba,
wai akwai ci gaban shirin.